Kwanakin da ka ƙara a kan bizarka, wa zai biya su?

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan la'asar, muna zaune a ƙofar gidan wani maƙwabcinmu a nan Kuseri, ana yi masa barka da dawowa daga Dubai. Ana cikin shan shayi sai hira ta gangaro kan wani saurayi da ke cikinmu. Ya samu bizar ziyara zuwa Faransa, zai je ganin yayarsa da ta haihu, kwana 15 aka ba shi, yana ta ƙorafin sun yi kaɗan. Sai mai gidan ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai yaro, wa zai ƙirga maka? Ka ƙara sati biyu abinka. Ni nan da kake gani kwana tara na ƙara, da na zo filin jirgi na biya su 'yan canjinsu, ko kallon banza ba wanda ya yi min." Aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Alhaji ba ka da dama."

Ban ce uffan ba, don ba a ƙaryata mai gida a ƙofar gidansa, ga shi kuma ya girme ni. Amma maganar ta tsaya min a rai, musamman da na ga saurayin yana gyaɗa kai kamar wanda aka ba laƙani.

Ra'ayina shi ne, wannan muguwar shawara ce ko da kuwa da zuciya ɗaya aka bayar. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa da gangan, ko da kwana biyu ne, ya saɓa abin da ya sa wa hannu, ya ɓata wa kansa tafiyar gaba, kuma ya ja wa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba. Ba wai ina ganin ofisoshin jakadanci adalci suke mana ba. Zan zo kan wannan.

Na san inda tunanin ya samo asali. Mu mutanen bakin iyaka ne. Mutum zai karya kumallo a Kuseri, ya tsallaka gadar Ngeli, ya yi cinikinsa a Njamena, ya dawo kafin magariba. Tun 2017 ɗan Kamaru ko ɗan Chadi zai shiga sauran ƙasashen CEMAC, ƙungiyar tattalin arzikin Afirka ta Tsakiya, ba biza, ya yi har kwana 90. Najeriya kuwa ta Fotokol ko ta Amcide muke bi mu je biki ko ta'aziyya. A wurinmu iyaka mutum ce: ka gaishe shi, ka nuna masa katinka, in da matsala a yi magana a fahimci juna. Da wannan sabon muke hawa jirgi mu je inda iyaka ta zama kwamfuta, ita kuwa ba ta amsa gaisuwa.

"Ai na biya tara, magana ta wuce"

Alhaji bai yi ƙarya ba. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa tarar wuce wa'adi dirhami 50 ce a kowace rana, wajen sefa dubu takwas ke nan. Kwana tara ya kama dirhami 450. Ga ɗan kasuwar da ya loda kwantena, wannan kuɗin shayi ne. Kuskuren shi ne ɗaukar dokar Dubai a aljihu a kai ta Paris.

Kowace ƙasa da nata ma'aunin. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou sun san a Chaina yuwan 500 ne a kwana, har ya kai dubu 10, kuma doka ta ba su damar tsare mutum kwana 5 zuwa 15 in suka ga laifin ya yi girma. A Amurka babu wata tara da za ka biya a filin jirgi. Za ka fita salin-alin ka ɗauka ka sha, alhali kwana ɗaya tak da ka ƙara ya kashe bizar da ke cikin fasfonka, ko da saura mata shekara. In ka haura kwana 180, shekara uku ba ka ba ƙasar. In ka cika shekara, sai bayan shekara goma. Dokar tun 1996 take nan.

A Dubai ɗin ma abin ba kamar da ba ne. A da akan ɗaga wa mai bizar ziyara ƙafa na kwana 10 bayan ƙarewar wa'adi, an cire wannan, amma har yau za ka ji ana faɗa a majalisa kamar yana nan. Sannan kamfanin da ya nema maka bizar shi ne ya tsaya maka, kuma yana da ikon kai rahoto cewa baƙonsa ya gudu don ya cire wuyansa. Wanda aka rubuta wa haka, fitarsa ba ta biyan dirhami 50 a kwana ba ce kawai.

Ko a inda tara ke wanke laifi a ranar, ba ta goge rubutu. Duk wanda ya taɓa cin bashi wurin mai shagon unguwa ya san wannan. Ka ce za ka biya ranar Laraba, ka kawo ranar Lahadi. Zai karɓa, har ya yi maka godiya. Sai ran da ka sake zuwa neman buhun shinkafa ka ji ya ce, "Wallahi Malam, kaya sun ƙare," ga su kuwa jibge a bayansa. Haka jami'in biza yake yi. Ba zai yi maka faɗa ba, zai dai miƙo maka fasfo da 'yar takarda mai cewa ba su gamsu za ka dawo a kan lokaci ba.

"Wa zai ƙirga?"

Shekarun baya wannan tambayar tana da ɗan ƙamshin gaskiya. Jami'i ne zai buɗe fasfo yana laluben tambarin shiga a cikin tarin tambura, ga dogon layi a bayanka, wani lokaci ya buga na fita kawai ya ce ka wuce. Wasu sun sha da haka, su ne yau ke ba da labari.

Tun 12 ga Oktoban 2025 ƙasashen Turai masu biza ɗaya da ake kira Schengen, su 29, suka fara aiki da sabon tsarin rajistar shiga da fita. Za a ɗauki hoton fuskarka da na yatsunka ran da ka shiga, na'ura ta riƙe ranar, ita za ta yi lissafin ran da za ka fita. Ka shiga ta Paris ka fita ta Madrid ko ta Roma, duk rumbu ɗaya ne. Abin da za a yi maka a ranar ya danganta da ƙasar da ka fita ta cikinta: wata tara ce, wata takardar hana dawowa, wata kuwa su rubuta kawai su bar ka ka tafi. Amma in aka hana ka shiga ɗaya, duka aka hana ka.

Masu dabara sukan ce a sake fasfo, a ce tsohon ya ɓata. Yatsun fa? Tun ran da ka je neman bizar aka ɗauke su, kuma ba a sake su a ofishin 'yan sanda.

Akwai kuma waɗanda ke wuce wa'adi ba da niyya ba, don ba su iya karanta bizar ba, kuma waɗannan su suka fi ba ni tausayi. A jikin bizar Schengen akwai layi biyu da ke rikita mutane. Ɗaya yana nuna daga rana kaza zuwa rana kaza, ɗaya kuma, inda aka rubuta "Durée de séjour", yana nuna yawan kwanakin da aka yarda ka yi. Sau da yawa na farkon ya fi tsawo, don an ƙara maka sarari ko za ka ɗaga ranar tashi. Mutum zai ga wata guda a layin farko ya saki jiki, alhali kwana 15 ne rabonsa. Kuma ranar da ka sauka kwana ce, ko da ƙarfe sha ɗaya na dare jirgin ya taɓa ƙasa, ranar tashi ma kwana ce. Mai bizar shiga da yawa shi ma bai tsira ba: kwana 90 ne a cikin kowane kwana 180, ana ƙirgawa ta baya daga ranar da kake ciki. Na Amurka kuwa ranar da ke jikin biza ba ita ce wa'adinka ba, wa'adin shi ne wanda jami'in filin jirgi ya rubuta maka a rajistar da suke kira I-94.

"Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa"

Da haka ne da ban rubuta komai ba. Mutum baligi ya ga zai iya jure abin da zai biyo baya, ina ruwana?

Mu fara da yayar saurayin nan. Kafin a ba shi biza sai da ta je ofishin magajin garin da take zaune ta sa hannu a takardar masauki, ta nuna gidanta da abin da take samu. Dokar Faransa ta ba magajin gari damar ƙin amincewa da sabuwar takarda in ya ga waɗanda mutum ya sa wa hannu a baya an yi wasa da su. To, gobe in ta so ta kawo mahaifiyarsu asibiti fa? Sati biyun da ƙaninta ya ƙara yana yawon ɗaukar hoto, tsohuwa ce za ta iya biyansu.

Sai kuma abin da ya faru da 'yan'uwanmu na tsallaken kogi. Ranar 4 ga Yunin 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, Chadi na ciki. Hujjar da aka kafa a kan Chadi ita ce wuce wa'adin biza: rahoton hukumar tsaron cikin gidansu na shekarar 2023 ya ce kashi 49.54 cikin ɗari na 'yan Chadin da suka shiga da bizar ziyara ko kasuwanci ba su fita a kan lokaci ba. Kongo Brazabil da Equatorial Guinea ma da irin wannan hujjar aka sa su. Wato uku daga cikin ƙasashe shida na CEMAC. Ɗalibin da ya samu gurbin karatu, da ɗan kasuwar da bai taɓa ƙara ko awa ɗaya ba, duk aka rufe ƙofa da su. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, a nan kuwa waken ya fi ɗaya.

Kowane mutum a cikin wannan lissafin, na tabbata, yana da dalilinsa da ya ga ya isa. Na'urar da ta haɗa alƙaluman ba ta tambayi kowa dalili ba.

"Su ma ai ba adalci suke mana ba"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ban ƙi ta ba.

Ɗan Kuseri mai neman bizar Turai sau da yawa sai ya keta ƙasar nan tun daga wuyanta har ƙafarta: mota zuwa Marwa, zuwa Garwa, zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Ya biya yuro 90, wato sefa dubu 59 da 'yan kai, ban da kuɗin kamfanin da ke karɓar takardu, da inshora, da masauki. In aka hana shi ko sisi ba a mayar masa. Dalilin hanawar kuwa wani ɗan akwati ne aka yi wa alama a takarda, ba mai yi masa bayani. Bature kuma zai zo mana da sauƙin da mu ba ma samu a wurinsa.

Hukuncin da aka yanke wa Chadi ma zalunci ne a ganina. Waɗanda suka haifar da wancan kaso 'yan ɗaruruwa ne kawai, saboda masu zuwa Amurka daga Chadi ba su da yawa tun asali. Akwai ƙasashen da masu wuce wa'adinsu dubbai ne a kowace shekara, ba a taɓa su ba. Da Shugaba Mahamat Idriss Déby ya mayar da martani washegari, ya dakatar da ba Amurkawa biza, ya ce Chadi ba ta da jirage ko biliyoyin dalolin da za ta bayar amma tana da mutuncinta, mutane da yawa a nan sun ji daɗi, ni ma haka.

To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka ƙara sati biyu a Lyon don ka rama, wa ka rama wa? Jakadan bai san kana yi ba, albashinsa bai ragu ba. Abin da ka yi shi ne ka ƙara lamba ɗaya a cikin jadawalin da zai ɗaga gobe ya ce, ga shi, mutanen nan ba sa komawa. Masu son rufe mana ƙofa ba abin da suke nema kamar wannan lambar. Gwamnatocinmu ne ya kamata su yi faɗan kuɗin biza da wulaƙancin layi, kuma ba za su iya buɗe baki da ƙarfi ba in alƙaluma suna ƙaryata su.

Maganar Makka

Nan ne abin ya fi shafar mu, nan ne kuma ya fi wuyar faɗa, don da ka taɓa shi sai a ce kana hana mutane ɗakin Allah.

Kakanninmu da ƙafa suka je. Ta nan suka bi, ta Fort Lamy (Njamena ta yau) da Abeche, suka shiga Sudan, wasu suna noma a hanya shekara da shekaru kafin su ga teku. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka bi wannan hanyar, har ɗansa Muhammadu Bello ya kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Ba wanda ya tambaye su wa'adi. Shi ya sa har yau a zuciyar mutanenmu, wanda ya je Umara a watan azumi ya laɓe har Arfa ba mai laifi ba ne, mai himma ne. Ga kujerar Hajji ta hukuma a Kamaru ta haura sefa miliyan uku. Talaka ya duba wannan, ya duba kuɗin Umara, lissafin ba ya buƙatar malami.

Na fahimci wannan sarai. Amma mu dubi abin da ke ƙasa yanzu. Bizar Umara kwana 90 ce, sai dai kowace shekara Saudiyya na sa ranar da dole duk mai Umara ya fita kafin aikin Hajji, ko da kwanakinsa ba su ƙare ba. A 2025 ranar ita ce 29 ga Afrilu, 1 ga Zulƙida. Wanda ya wuce wa'adi, hukumomin ƙasar sun ce tararsa na iya kai riyal dubu 50, sama da sefa miliyan bakwai ke nan, da ɗauri har wata shida, sannan a taso ƙeyarsa. Wanda aka kama yana ƙoƙarin yin Hajji ba izini, tara har riyal dubu 20. Baƙon da ya zarce wa'adi ya kutsa wuraren ibada kuwa, bayan an koro shi sai ya shekara goma bai sake taka ƙasar ba. Ka je don ka ƙara kusanci da Ka'aba, ka dawo an nesanta ka da ita shekara goma.

Abin da ya fi tara ciwo shi ne Hajjin 2024. Zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji. Dalilin a fili yake. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina da Arfa, ba shi da motar hukuma, yana tafiya a rana yana kauce wa askarawa, in jiri ya ɗebe shi yana tsoron zuwa asibiti. Allah ya jiƙansu. Tun kafin wannan Hajjin majalisar manyan malaman ƙasar ta fitar da bayani cewa bai halatta a je Hajji ba tare da izini ba. Ko mutum bai yarda da su ba, ayar farko ta Suratul Ma'ida umarni ce da cika alƙawari, kuma wanda ya karɓi biza a kan zai fita ran kaza alƙawari ya ɗauka. Hajji dai a kan mai iko aka wajabta shi.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: 'yan kwanaki ba sa tsayawa a 'yan kwanaki. Da mutum ya wuce ranar, filin jirgi ya zama abin tsoro. Yau ya ce sai ya tara kuɗin tara, gobe tarar ta ƙaru. Wata ya zama shekara. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu da ake kira takari a Makka da Jidda ba da niyyar zama suka je ba, sati biyu suka ce za su ƙara. Ƙarshen wasu gidan tarhil na Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a koro, a sako su a jirgi da kayan jikinsu. Kusan kowace unguwa a Marwa ko Garwa ko Njamena tana da wanda ya dawo ta wannan hanyar.

Wanda larura ta kama fa?

Shi daban ne, kuma dokokin ma sun san da shi. Ciwo yana kwantar da mutum, jirgi yana fasa tashi, mun ga yadda aka rufe filayen jiragen duniya a 2020. Sharaɗin dai ɗaya ne kusan ko'ina: ka je ka faɗa tun wa'adin bai ƙare ba. A ƙasashen Schengen, in larurar da ta fi ƙarfinka ce, ƙarin kwanakin kyauta ne. In wani babban dalili ne na ƙashin kanka, yuro 30. A Faransa ofishin préfecture na yankin da kake za ka je. A Dubai ana sabunta bizar ziyara da kuɗi ba sai ka fita ba. Ka riƙe takardar likita, da saƙon kamfanin jirgi, da rasit, ka adana su har neman biza na gaba, don ranar za a tambaye ka.

Amma "kayana ba su gama haɗuwa ba" ko "an ɗaga ranar suna" ba larura ba ce.

Babban kason laifin ina ɗora shi a kan wasu ejan-ejan ɗinmu. Su suka san dokokin nan, su ke karɓar kuɗi, kuma wasunsu su ke raɗa wa mutum cewa ya je kawai, akwai wanda zai ɓoye shi. Bayan abin da ya faru a 2024, Masar ta ƙwace lasisin kamfanonin tafiye-tafiye 16 saboda irin wannan. Saudiyya kuma ta ce kamfanin da bai kai rahoton baƙonsa da ya zarce ba zai iya biyan riyal dubu 100. Mu ma hukumominmu su dubi masu wannan sana'ar.

Ejan da ya iya ƙirga miliyoyin Hajiya bai kamata ya gaza rubuta mata ranar fitarta da manyan lambobi ya maƙala a bangon fasfo ba, ya kuma faɗa mata da bakin da take ji, Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Shuwa, a gaban ɗanta. Tikitin dawowa kuma ya riga wa'adin da kwana biyu ko uku. Ba kowane kamfani ne ke da jirgi kullum zuwa Njamena ba, kuma wanda aka yanka wa tikiti a ranar ƙarshe, in aka soke tashin tun bai wuce wurin duba fasfo ba, da sha biyun dare ta buga an rubuta masa kwana ɗaya.